Dashen da ba shi da mai shi

Na fara aikin gandun daji a 1986, lokacin Katsina na cikin tsohuwar jihar Kaduna, shekara ɗaya kafin a ba mu tamu jihar. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce shekara 35 a bakin aiki ko shekara 60 da haihuwa, duk wadda ta riga zuwa. Ni ta 35 ɗin ce ta riga, na ajiye aiki a 2021.

Abin da aikin ya fi koya mini shi ne dasa itace ba wuya. Ruwa ya zauna a watan Yuli, ƙasa ta yi laushi, ka haƙa rami, ka yage ledar, ka sa yabanya, ka danne ƙasar da tafin hannu. Ko yaro zai iya. Na ga bukukuwan dashe iri-iri, manya su zo da manyan riguna, a ɗauki hoto, a watse. Ka koma wurin a watan Afrilu, abin da akuya ta bari gara ta ƙarasa, wanda ya tsira daga gara ƙishirwa ta kashe. Da muka gaji da asara sai muka daina ƙirga yawan abin da aka dasa, muka koma tambayar na wane ne. Bedin da aka ce wa mutum “wannan naka ne”, aka kewaye shi da ƙaya, mutumin ya san za a zo a duba, shi ne ke ganin damina ta biyu.

Duk da na san wannan, wata shida na farko bayan ritaya zaman dashen da ba mai shi na yi. In dawo daga masallaci da asuba in koma shimfiɗa. Hantsi in fita majalisa, hirar fansho da garatuti da tsadar masara, har azahar. Gwiwa ta fara ƙara, likita ya ce jinina ya hau, ya ce in riƙa tafiyar ƙafa ko da minti 30 ne, kwana biyar a mako. Na yi kwana huɗu ni kaɗai na bari. Ba wanda ya san na fara, ba wanda ya san na daina.

Uwargida ce ta ce mini wata safiya, “Alhaji, da can ba ƙarfin hali ke fitar da kai ba, jiranka ake yi.” Na ji haushi, don ta faɗi gaskiya.

Sai na tuntuɓi waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci: tsohon hedimasta, tsohon direba, wani da ya bar aikin asibiti, da wasu uku. Muka yi alkawari, bayan sallar asuba, Litinin da Laraba da Asabar. Mukan bi ta Ƙofar Soro, mu kewayo ta Hasumiyar Gobarau, mu dawo kafin 'yan Keke Napep su cika titi. Doka ɗaya muka sa: wanda bai fito ba, gidansa za mu je mu yi sallama. Kunyar a taru a ƙofar gidanka da sassafe ta fi maganin likita aiki. Lokacin hunturu ne kawai muke jinkirtawa sai rana ta ɗan ɗaga, saboda masu tari.

Tafiya kaɗai takan gundiri dattijo, musamman wanda ya saba a ce yau ga abin da ya yi. Shi ya sa muka mai da Asabar ranar gayya. Mun fara da makabartar unguwa, cike ramuka da sare ciyawa, daga baya muka dasa bedi a gefen katanga da harabar makarantar firamare. Ana ta maganar babban shirin nan na shingen itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal har Jibuti, kuma Katsina na cikin jihohi 11 da yake ratsawa a Najeriya. Namu ƙarami ne, amma kowane itace da sunan mai shi, dattijo ɗaya da ɗalibi ɗaya. Yaro ya ɗauko ruwa a jarka, dattijo ya gyara shinge. Ɗaukar ruwa ba namu ba ne yanzu, wanda ya gwada nuna ƙarfi sai da ya yi mako biyu yana jinyar baya.

Nawa yaron ɗan aji biyar ne, baki gare shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, sai ga shi da la'asar ya durƙusa a zaure ya gaishe ni, ya ce, “Baba, akuya ta ɓalle ƙayar wajen gabas, na toshe da kara amma ba zai kai jibi ba.”

Washegari na ɗauki adda na fita.