Jalsa ɗaya

Kafin yaƙin Afrilun 2023 ya tarwatsa mu, na yi shekaru a sashen gashi, wato jinya da haske, na wani asibitin masu ciwon daji a nan Sudan. Ni ba likita ba ne. Aikina in kwantar da majiyyaci kan gadon na'ura, in daidaita shi da alamomin da aka zana a fatarsa, in fita in rufe ƙofa, in danna. Amma da yake ni kaɗai ne Bahaushe a sashen, duk dattijon da ya zo daga Mai Wurno ko Gadarif ko Damazin, wanda Larabcinsa na kasuwa ne ba na asibiti ba, ni ake kira in yi tafinta.

Kalmar da na fara tuntuɓe da ita ita ce "gashi". Mutumin da ya san sakiya, ya kuma ga yadda ake ɗora ƙarfe mai zafi a bayan mara lafiya, in ka ce masa za a gasa masa ƙashi, ka gama tayar masa da hankali. Alhali ba wuta, ba zafi, ba abin da ke taɓa jiki. Haske ne da ido ba ya gani, mintuna kaɗan an gama, kuma mutum ba ya fita da shi a jikinsa. Yana iya ɗaukar jikansa a ranar, ya ci abinci kwano ɗaya da iyalinsa. Sai da na ji wata tsohuwa ta kwana bakwai ita kaɗai a ɗaki don tsoron kada ta shafa wa jikokinta, sannan na fara faɗin wannan tun ba a tambaye ni ba.

Dattijon da ya fi koya mini aiki daga Mai Wurno aka kawo shi, kwance a bayan mota, wata huɗu rabonsa da salla a tsaye. An yi ƙaho, an sha jiƙe-jiƙe, an ce sanyi ne. Ashe mayaloma ce, sankarar jini da ke zaune cikin ɓargo. Ƙwayoyinta na sa ƙwayoyin jiki masu rushe ƙashi su yi aiki fiye da kima, su kuma danne masu gina shi, sai ƙashi ya riƙa ramewa daga ciki kamar azarar da gara ta samu. Ƙashin baya, haƙarƙari, ƙugu da ƙoƙon kai ta fi kamawa. Shi a ƙashin baya ta same shi, wuri guda.

Likita ya rubuta masa girei 8 (girei ma'aunin yawan hasken ne), jalsa ɗaya, wato zama ɗaya a na'ura. Na fassara, na kwantar da shi, muka gama kafin azahar. Da suka fito ɗansa ya ja ni gefe.

"Malam, na kusa da mu jalsa goma aka rubuta masa. Mu ɗaya. Don mu ba mu da kowa a nan ne?"

Na ce masa haka likita ya tsara. Amsa ce ta malalaci, kuma na san hakan tun ina faɗarta. Gaskiyar ita ce, idan ciwo kawai ake son kashewa, ƙashin bai kusa karyewa ba, lakar ƙashin baya kuma ba ta matsu ba, jalsa ɗaya ta girei 8 tana sauƙaƙa ciwo kusan daidai da girei 20 a jalsa 5 ko girei 30 a jalsa 10. Aibinta shi ne an fi komawa a maimaita ta daga baya. Ribarta kuwa, mutumin da kowane rami a titi yake ji har ƙwaƙwalwarsa ba zai yi mako biyu yana kwana a gindin bishiyar asibiti ba. Mayaloma kuma na cikin cututtukan da ke saurin jin haske. Har faɗin wurin da ake haskawa ana taƙaita shi da gangan, domin ɓargon da ke yin jini a jikin babba yawancinsa a ƙugu da ƙashin baya yake, ga magunguna na gaba da za su buƙace shi. Duk wannan na sani. Ban faɗa ba ne don layi ya yi tsawo.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Da zan sallame su na ce, "Baba, za ka ji sauƙi in Allah ya yarda." Ban ce yaushe ba. Kwana biyu sai ga wayar ɗan, muryarsa na rawa: ciwon ya fi na da, Baba ya ce mun ƙone shi. Wannan tashin ciwo sananne ne. Yakan zo wa wasu a kwanakin farko, ya yi 'yan kwanaki ya lafa, shi ya sa ba a barin maganin ciwo don an yi gashi. Sauƙi na gaskiya yakan fara bayan mako ɗaya ko biyu, wani sai ya kai wata. Da na faɗi haka tun farko, da sun ɗauke shi a matsayin abin da aka ce zai zo. Da ban faɗa ba, sai suka aika kemis aka sayo dikilofenak, maganin ciwon da mai mayaloma ya kamata ya guje wa, domin cutar kanta tana wahalar da ƙoda.

Na roƙe su su ajiye shi, na haɗa su da likita. Na kuma ƙara abin da ya kamata in fara da shi: in ƙafafu suka yi nauyi ko suka mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, kada a jira gari ya waye. Laka ce ta matsu, kuma a nan sa'o'i ake ƙirgawa.

Bayan mako biyar ya dawo ganin likitan jini, ya leƙo sashenmu da sanda, a kan ƙafafunsa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Ɗana, na warke."

Kamar in bar shi a haka, don wa ke son ɓata wa tsoho farin ciki? Sai na zaunar da shi. Na ce Baba, wuri ɗaya muka kwantar, cutar tana nan a ɓargo, maganinta na wajen likitan jini, da allurar ƙarfafa ƙashi. Ciwon ya tafi amma ramin bai cike ba, ƙashi watanni yake ɗauka. Ba fartanya, ba ɗaukar buhu, ba hawan jaki.

Ya yi shiru yana kallon sandarsa. Can ya ce, "To ruku'u fa?"

Na ce ya jira ni, in je in tambayo likita.