Tunkiyar da Aka Bari a Kango a Agege

Kwana huɗu bayan Babbar Sallar 2024, wadda ta faɗo a tsakiyar watan Yuni lokacin da ruwan Legas ke zuba ba ƙaƙƙautawa, na fara jin kukan tunkiya daga kangon da ke bayan gidan da nake haya a Agege. Kukan ba ya yankewa ko da dare ya raba, har muryar ta fara dushewa. Da na leƙa da safe, sai na tarar da ita ɗaure a jikin wani ƙarfe, tana ɗage ƙafar gaba ɗaya, ga dusa a gabanta ta jiƙe ba ta ko shinshina ba.

Mai gadin wurin ya shaida mini cewa wani falke ne ya sauke dabbobi a nan daga Arewa, kuma tun da dabba mai bayyanannen ɗingishi ba ta isar wa layya, babu wanda ya taya ta. Da 'yan'uwanta suka ƙare, sai ya bar masa ita ya sayar yadda ta kama, shi kuwa ya hau mota ya koma gida. 'Yar ƙasa ce, fara sol in ban da baƙin da ya zagaye idanunta da bakinta, kuma manyan haƙora biyu da na gani a muƙamuƙinta na ƙasa sun nuna ba ta wuce shekara ɗaya da watanni ba. A ranar na biya kuɗinta na jawo ta gida.

Na zaci magani da abinci za su wadatar. Likitan dabbobi ya duba ta ya ce kofaton ne ya fara ruɓewa saboda tsayuwa cikin taɓo, ya yanke inda ya lalace, ya wanke, ya ba ta maganin tsutsar ciki, sannan ya ce in nema mata busasshen wuri. Na sayo harawa da dusa, na ajiye mata kanwa, na tsince duk wata leda da ke tsakar gida, domin haɗiyar leda na cikin abubuwan da ke kashe dabbobin birni. Cikin kwana goma ta taka ƙafar, amma kukan yana nan, cinta kuwa bai taka kara ya karya ba. Idan maiɗakina ta fito shanya sai ta bi ta har iyakar igiya, idan ta koma ɗaki sai ta sake ɓarkewa da kuka.

Sai na kira kawuna da ke kiwon tumaki goma sha huɗu a Ojo, kusa da kasuwar Alaba Rago. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, ba yunwa ke damunta ba. Tunkiya ba ta zama ita kaɗai, ko da za ka cika mata ɗaki da harawa. Ka kawo mini ita."

Maganarsa ta sa na sake duban halittar wannan dabba. Tunkiya ba ta da fiƙa, ba ta da farce, kuma garkuwarta ɗaya ita ce yawa: yayin da wasu suka sunkuya suna kiwo, wasu sun ɗaga kai suna sauraro. Wadda ta tsinci kanta ita kaɗai dole ta zama mai ci kuma mai gadi a lokaci guda, shi ya sa ba ta samun natsuwar da za ta kwanta ta yi tuƙa. Haka kuma sanin junansu ya wuce yadda muke zato, domin masu bincike a kusa da Kambirij ta Ingila sun nuna a 2001 cewa tunkiya na iya tuna fuskokin tumaki 50 har tsawon shekara biyu. Ina ganin waɗanda ta sha wahalar hanya tare da su take kira, alhali babu ko ɗaya da ya rage.

Mun ɗauke ta a a-kori-kura, muka bi ta Iyana-Ipaja da Igando cikin cunkoso har muka isa. Na ɗauka nan take za a sake ta cikin garke, amma Kawu ya ɗaure ta a wata rumfa can gefe, ya ba ta nata kwanon ruwa da nata na abinci. Raina bai so ba, har na ce: "Kawu, ai kaɗaicin ne muka zo raba ta da shi." Ya amsa cewa dabbar da ta ratsa kasuwa da tirela ba a haɗa ta da garke sai an ga lafiyarta na makonni, saboda annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR, wadda ke zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, takan bi numfashi da kwanon sha ta gama da garke guda. Gaskiyarsa ce, kuma tausayina ga guda ɗaya bai kamata ya jefa goma sha huɗu cikin haɗari ba. Abin da ya yi mata na rahama shi ne ya zaɓi inda take hango su tana jin muryarsu, kuma a daren farko kukan ya ragu.

Bayan mako uku ba ta nuna wata alamar ciwo ba, aka yi mata rigakafi, aka matso da turkenta jikin shingen garken, inda suka riƙa shinshinar juna ta tsakanin katako. Daga nan ya shigar mata da wata tsohuwar uda mai sanyin hali, wadda sauran ke bi idan ta yi gaba, suka kwana biyu tare.

Ranar haɗawar na zo tun da sassafe. Kawu ya ɗaure ragon, ya rarraba dusa a kwanuka biyar nesa da juna don kada manya su tare mata abinci, sannan ya buɗe ƙyauren. Wata balama ta nufo ta ta kai mata tunkuyi har sau biyu, na yunƙura zan shiga, ya riƙe hannuna ya ce: "Bar su, ɗana, kowace tana neman sanin matsayinta ne. Idan ka ga jini, sannan mu raba." Ba a kai ga jini ba. Ta ja da baya, ta raɓe a bayan tsohuwar udar, ta jira har balamar ta koma kan kwanonta, sannan ta sunkuya ta fara ci.

Da la'asar, kafin in kama hanyar Agege, na koma na leƙa. Rana ta ɗan fito bayan yayyafi, garken ya kwanta a gindin katanga, ita kuma tana daga gefe, kafaɗarta a jikin udar, idanunta a lumshe, tana tuƙa. Tun ranar da na kwance ta daga ƙarfen nan ban taɓa ganin ta kwanta da rana ba sai a wannan yammacin.