Kwana biyu da na ɓata a kan igiyar caji

Lokacin da muka fara aikin kammala karatu, na sayo allon ESP32, wani ƙaramin allon lantarki da ake loda wa manhaja daga kwamfuta, ina ta ɗoki. Sai da na zauna zan jona na lura kwamfutata ramin USB-C biyu kawai gare ta, allon kuma bakin Micro-USB ne. Na leƙa kasuwar 'yan waya na sayo ɗan adafta mai araha, wanda ke mayar da USB-C zuwa babban ramin da muka saba da shi, na haɗa da wata tsohuwar igiya da na tsinta a durowa. Jar fitilar allon ta kama. Kwamfuta kuwa shiru, ko alamar an jona mata wani abu babu.

Kwana biyu ina ɗora wa adaftan laifi, ina cewa dama araha ba ta ado. Na sauke direban CP2102, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon, na goge, na sake sakawa. Ashe igiyar ce. Wani abokin karatuna ya fere ta da reza a gabana: waya biyu kacal, ja da baƙa. Igiya mai ɗaukar bayanai kuwa waya huɗu gare ta, har da fara da koriya. Tawa wuta kaɗai take kaiwa, shi ya sa fitila ta ruɗe ni. Adaftan nan da na zarga, har yau da shi nake aiki.

Tun daga ranar, ba na biyan kuɗin igiya sai na jona wayata da kwamfuta na ga ta ba ni zaɓin tura fayil.

Daga baya na ci karo da wani tarkon. Wasu alluna masu araha suna da bakin USB-C, amma ba a sa musu wasu ƙananan kayan haɗi biyu da ake kira rizisto, na 5.1k, ba, waɗanda ke sanar da kwamfuta ta saki wuta. Ka jona su da igiya mai USB-C kai da kai, ko fitila ba za ta kama ba, ka ɗauka allon ya ƙone. Ka biyo ta adafta da igiyar tsohon yayi mai babban kai a gefe ɗaya, sai ya tashi lafiya lau. Wannan ya fi ba ni takaici, don sabon shiga zai iya jefar da allo mai kyau.

Yanzu a jakata akwai adafta biyu da igiya uku: mai ƙaton kai irin na firinta don allon Arduino Uno, Mini-USB don allon Arduino Nano, Micro-USB don ESP32. Kowacce na gwada ta, na naɗa mata farin salatif a wuya.