Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Tashar Garinmu

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya kwaso mu daga Garwa, a arewacin Kamaru. Layin dogo ne ya jawo shi kudu. A 1974, zamanin Ahmadu Ahijo, layin da ya taso daga Yawunde ya ratsa Belabo ya iso Ngaundere, kuma nan ya tsaya har yau. Garwa da Marwa ba su taɓa jin kukan jirgi ba, balle Cadi. Audugar arewa da shanun da za su kudu, a Ngaundere ake yi musu lodi.

Garinmu yana tsakanin Ngaundal da Ngaundere. Kafin dogo, 'yan bukkoki ne kawai. Da yake layin ɗaya ne tal, dole a sami wurin da jirgi zai raɓe ɗan'uwansa ya wuce, shi ya sa aka yi mana tasha: ɗaki biyu, rufin kwano, ƙararrawa a rataye. Baba ya sami aiki a Regifercam, kamfanin jiragen ƙasa na Kamaru a lokacin, shi ke juya dogo, da tuta da rana, da fitila da dare.

Amma Inna ce ta fi cin moriyar tashar. Tun la'asar take dafa ƙwai, ta ɗura zumar Adamawa a kwalabe. Da ƙarfen dogo ya fara rawa sai ta ce, "Auta, maza ɗauki faranti, kada 'ya'yan Hajiya su riga ka taga!" Mu bi taragu da gudu, hannuwa na miƙowa daga sama, kuɗi na faɗowa cikin tsakuwa. Wallahi cinikin mintocin nan shi ya yi mana sutura, shi ya biya kuɗin makarantata.

Rufewar tashar ba rana ɗaya ta zo ba. Aka fara rage ma'aikata, aka daina yankar tikiti, sannan jirgin fasinja ya koma wucewa ba ko sassautawa. Babu wanda ya tara mu ya yi mana bayani, abin da har gobe yake ci mini rai ke nan. Mahauta suka koma Ngaundal, mai shayi ya naɗe rumfarsa, kwanon tashar ma aka ɓalle shi.

Inna ta sayar da tukwanenta, ta ce da Baba, "Malam, mu ma mu bi jama'a." Yadda muka sauka a Ngaundere ba mu san kowa ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.