Gwajin Canon EOS R6 a aikin biki: abin da na duba kafin in dogara da ita

Kwana uku na ba wannan kyamara, wadda ta fito a 2020, kafin in yarda in shiga aikin kuɗi da ita. Megafiksel 20 gare ta, hotonta 5472 ne a 3648, wanda ya isa a buga firem na kusan santimita 46 a 31 ba tare da ya fashe ba. Ga albam na biki ya wadatar, amma mai yawan yanke hoto don ya matso da fuska zai ji ƙarancin.

Na fara da sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, don in ga ko akwai ƙura a kanta. Na rufe lensi zuwa f/16, ISO 100, na ɗauki farin bango ba tare da saita fokas ba. Ɗigon ƙura huɗu suka bayyana, kuma laifina ne, don na canza lensi a waje cikin ƙurar hunturu kyamara tana kunne. Idan aka kashe ta, labulen shata yana rufe sensa, saboda haka a kashe tukuna kafin a canza lensi. Don share sensa kuwa, sai a buɗe labulen ta saitin sharewa da hannu, a kifa bakinta ƙasa, a hura da 'yar famfon roba. Kada a hura da baki, yawu ne zai biyo.

Inda na fi daɗewa shi ne hasken zauren dina. Na bar ta a shata marar ƙara, mai hoto 20 a daƙiƙa, a saurin shata 1/250 na daƙiƙa, sai ga ratsi-ratsi baƙaƙe kwance a fuskoki. Wutarmu tana gudu a kan 50Hz, fitilun LED masu araha suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, ido ba ya gani amma sensa tana kamawa layi-layi. Da na koma shata ta inji, mai hoto 12 a daƙiƙa, na kunna saitin hana ƙiftawa, na sauko 1/100, ratsin ya ɓace. A bidiyo kuwa firem 25 a daƙiƙa da saurin shata 1/50. Idan aka koma janareto sai a sake gwadawa, domin ƙaramin janareto ba ya tsayawa daidai a 50.

Farar shadda ma tana yaudarar ma'aunin haske. Kyamara na ganin farin ya yi yawa sai ta rage, fuskar ango ta dushe. Na ƙara haske kashi biyu cikin uku na mataki ɗaya, ina ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, ina duba histogiram, wato jadawalin hasken hoto, kada aikin wuyan rigar ya ƙone. Fokas mai bin ido bai ba ni wahala ba, sai a wajen kamu da amarya ta sauke mayafi, nan na koma ɗigon fokas ɗaya na zaɓa da hannu.

Gidan katin ajiyar hoto biyu ne, na saita su rubuta abu ɗaya a lokaci guda, don ba a maimaita ɗaurin aure. Bidiyo yana tsayawa a minti 29 da daƙiƙa 59, don haka nake sake dannawa tsakanin jawabai. Batir LP-E6NH uku nake ɗauka a yinin biki, ɗaya a ciki, biyu a aljihu.