Babur ɗin Baba ya tashi

Jama'a, Honda CG125 ɗin Baba da ya yi shekaru jingine a zaure nan Garwa yau ya yi gurnani! Ni tela ne, ban taɓa bakanikanci ba, amma na ce da hannuna zan tashe shi.

Tanki ne ya fi ba ni wuya. Tsatsa ta ci cikinsa, sai na zuba kananzir da ƙananan notina na yi ta girgizawa, abin da ke fitowa jawur kamar ruwan Binuwai da damina. Kafireto kuwa tsohon zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin hanya, ya daskare a ciki, da siririyar waya na buɗe ramin man.

Tun 1975 Honda ta fito da samfurin nan don ƙasashen da ba a cika juyen mai a kan lokaci ba, shi ya sa injin bai nemi komai ba. Fulogi da sarƙa daga Mubi aka kawo mini.

Baba na jin ƙara ya leƙo: "Kai yaro, kar ka taɓa mini fenti!" Dama ban yi niyya ba. Saura fitila, wa ya san mai wayarin ɗin tsofaffin babura?