Sistik faiburosis da tallafin PIP a Birtaniya: inda maki ke zubewa

Tallafin PIP, kuɗin da gwamnati ke ba masu nakasa ko doguwar rashin lafiya, ba ruwansa da sunan ciwo, abin da ciwon ya hana ka yi shi ake dubawa. Shi ya sa mai sistik faiburosis, cutar gadon nan da ke kaurara majina ta toshe huhu ta kuma hana abinci narkewa, zai iya tura takardun asibiti jingim, DWP, ma'aikatar ayyuka da fansho mai kula da tallafin, ta ce bai cancanta ba.

Ana nema daga shekara 16 zuwa shekarun fansho, ko kana aiki ko ba ka yi, kuma ba a duba albashi ko ajiya. A Skotland sunansa daban, hukumarsa ma daban. Kashi biyu ne: hidimar yau da kullum mai ayyuka 10, da zirga-zirga mai ayyuka 2. A kowane kashi maki 8 na ba da ƙaramin kuɗi, maki 12 babba. Bayan ka kira waya za a aiko da fom, kana da wata ɗaya ka mayar.

Babbar asara tana wajen tambayar magani. Wanda ya taso yana shaƙar magani ta injin tururi, yana fitar da majina safe da yamma, yana haɗiyar Creon (ƙwayar taimaka wa narkewar abinci) da kowane abinci, ya saba har ba ya ganin abin a matsayin wahala, sai ya rubuta "ina iyawa". To, sa'o'in da kake yi kai kaɗai ba sa cikin lissafi. Abin da ake ƙirgawa shi ne lokacin da kake buƙatar wani ya taimaka, ya sa ido ko ya tuna maka: har zuwa awa uku da rabi a mako maki 2, zuwa awa 7 maki 4, zuwa awa 14 maki 6, sama da haka maki 8. Idan matarka ce ke bubbuga maka ƙirji, rubuta minti nawa, sau nawa. Buƙatar ake dubawa, ko da babu mai yi maka.

Doka ta ce ba ka "iya" abu ba sai kana yin sa ba haɗari, yadda ya kamata, kana iya maimaitawa, kuma bai ɗauke ka fiye da ninki biyu na lokacin mai lafiya ba. Ana kuma auna yadda kake a fiye da rabin kwanakin shekara. Idan tafiyar mita 50 na jawo tari da haki har sai ka zauna, faɗi haka ƙarara. Masu shan Kaftrio, maganin da ke rage ƙarfin cutar, su yi hattara, don mai tantancewa kan ɗauka sauƙin numfashi na nufin komai ya warware, alhali ciwon ciki, ciwon suga da gajiya na nan.

Idan an ƙi, nemi a sake duba hukuncin cikin wata ɗaya, daga nan sai kotun ɗaukaka ƙara. Wasiƙar likitan fisiyo (mai kula da fitar da majina) ko ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitinka, wadda ta bi ayyukan fom ɗaya bayan ɗaya, ta fi tarin sakamakon gwaji amfani. Ƙungiyar Cystic Fibrosis Trust na ba da shawara kan cike fom ɗin kyauta.